Littafin Tuhuma

Ba ya sallama, baƙon nan.
Ta idon hagu yake shigowa,
ɗigon haske mai rawa
kamar rana a kan sabon kwano.
Sai in rufe keken ɗinki,
in bar Kasuwar Barci da hayaniyarta,
kowane ramin titi yana sara mini goshi.

Likita a Barau Dikko ta ce,
rubuta duk abin da ka ci.

Litinin, kilishin Ɗanlami.
Laraba, shayi mai kauri, ban karya ba sai azahar.
Juma'a, miyar kuka, ta ji daddawa.
Na kori magi daga tukunyar Ladiyo,
ta yi fushin kwana biyu.
Na bar goro, na bar awara,
har zoɓo na yi wa kallon ɓarawo.

Sati uku shiru. Na ce na kama shi.

Jiya gayan tuwo na ci, da ruwa.
Ga ni kwance, labule a sake,
jiƙaƙƙen tsumma a kan ido,
Ladiyo tana hana yara dariya a tsakar gida.
Wannan ma zan rubuta,
in gari ya waye.