Wa Zai Karɓi Irimiya?

Ran Talata aka ɓalle ƙofarsa,
ɗakin da ke saman shagon soya kifi a Hull.
Shayi ya bushe a gindin kofi,
rediyo na ta surutu ita kaɗai,
takalman aikinsa a bakin gado, a jere.

Suka kai shi firjin asibiti
da lamba a madadin suna.
Sanarwa ta fito: mai shi ya zo,
ya kawo shaida, ya sa hannu.
Muka karanta a wayoyinmu,
kowa ya mayar aljihu, baki a ɗaure.

Mu goma sha ɗaya ne a wurin wankin mota.
Shi ya nuna mini bas ɗin da zan hau,
rigar sanyina ta fari, tasa ce.
Amma bizata ta mutu tun bara waccan,
mai kaza a aljihu ba ya jimirin as,
as ɗin ƙasar nan kuwa, wa zai jure?

Jumma'ar gicciye na zauna a bencin baya,
zauren haya mai warin jiƙaƙƙen kafet.
Fasto Filibus ya kai wurin jana'iza,
wurin da tun ina yaro a Zonkwa
nake hamma, ina jiran kabari ya buɗe.
Ran nan sai labarin ya tsaya a gabana, ya tare.

Attajirin Arimatiya, ɗan majalisa,
ya daɗe da bangaskiyarsa a ƙarƙashin riga.
Bai fito ranar da gurasa ta yi albarka ba,
bai fito ranar ganyen dabino ba.
Sai da masu rantsuwa suka watse,
sai da ba sauran riba a sunan nan,
ya taka har gaban gwamna
ya ce a ba shi gawa.
Gawa fa! Ba ta godiya, ba ta ceton kowa a ganinsa,
ga rana tana faɗuwa, lokaci ya ƙure.

Bai san da Lahadi ba.
Wannan ne ya hana ni barci.
Mu mun san ƙarshen labari, muna rawar jiki,
shi bai sani ba, ya sayi likkafani,
ya ba da kabarin da ya sassaƙa wa kansa,
abokinsa na biye da kayan ƙanshi,
wancan da bai iya zuwa sai da dare.

Da hutun Ista ya wuce na tafi.
Wata mata mai tabarau a sarƙa
ta turo takarda: me kake gare shi?
Na ce ɗan'uwa. Ta ce na jini?
Na ce na jini, amma ba irin wanda kike nufi ba.
Ta dube ni. Biro na rawa.
Na rubuta Nuhu Bagudu, da adireshi,
sunan da shekara biyu na ajiye a tsare.

Ashe tsoro ma yana jiran wanda zai fara.
Mama Rifkatu ta kawo farin leshi
da ta ɓoye don bikin autarta.
Ishaku ya ƙwanƙwasa ƙarfe ɗaya,
ya tura ambulan ta ƙasan ƙofa, ya gudu.
Ban yi masa dariya ba,
shi ma yana da wuri a labarin, ba a ware.

Muka sa shi a laka mai sanyi,
tsuntsayen teku na kuka a kanmu,
ruwa na shiga wuyan riga.
Mun yi waƙa da Hausa, muryoyi bakwai,
mai haƙa ya cire hularsa.
Na kira uwarsa, na ɗaga wayar sama
don ta ji ƙasa tana zuba.
Ta ce, an rufe shi da suna? Na ce da suna.
Ta yi shiru, sai katin ya ƙare.

Yanzu duk safiya ina sauraren ramin wasiƙa.
Wataƙila su zo. Wataƙila ba su zo ba.
Asabar ɗina ce wannan, doguwa,
dutsen yana nan, ban ga mai ture shi ba.
Na dai daina tafiya ta bayan layi.
In sun tambaya, ga ni, ga sunana,
ni da mutumin Arimatiya, muna jira tare.