Cokali Bayan Cokali

Kwana tara kogin Jamuna na kwance a tsakar gidanmu.
Ya shanye gonar shinkafa, ya haɗiye famfon unguwa,
ya shiga masai ya fito, ya zarce cikin tulu.
Mu da ruwa ya yi wa zobe ta ko'ina,
ƙishirwa ce ta zo ɗauke mana 'ya.

Moyna, shekara biyu da wata uku.
Tun azahar cikinta ya ɓalle,
tsararo, fari kamar ruwan wankin shinkafa.
Na ƙirga har bakwai, na bar ƙirga.
Kafin magariba idanunta sun zurma,
tana leƙo ni kamar daga ƙasan rijiya.
Ta yi kuka, babu hawaye.
Na tsunguli fatar cikinta na saki,
fatar ta tsaya cak, ta ƙi kwanciya.

Uwata ta ce, "Ku hana ta ruwa.
Tulun da ke yoyo, wa ke ƙara masa?
Haka muka yi wa ƙanenka."
Na dube ta, ta dube ni.
Ƙanena Liton yana ƙarƙashin mangwaro
yau shekara talatin.
Ba ta ƙara cewa uffan ba.

Shiuli matata tana fama da ɗanyen icce
a murhun yumɓun da muka ɗora bisa gado.
Ruwa ya tafasa, ta fifita shi da murfin tukunya,
ta auna rabin lita a kwalbar da Apa Jhorna
ta yi wa zane da ƙusa bara,
ranar da ta tara mata a gindin gwanda.
Gishiri da yatsu uku, sau ɗaya tak.
Mazarƙwaila cikin dunƙulen hannu.
Ta dama, ta ɗanɗana:
"Kada gishirinsa ya fi na hawaye."

Na kwance kwalekwale.
Daga mu zuwa Sirajganj tafiyar rabin dare ce
idan kogi ya yi maka mutunci.
Ina tuƙi, tana ɗura,
cokali, sai numfashi, sai cokali.
Moyna ta amayar. Gwiwata ta yi sanyi.
Shiuli ta ce, "Tuƙa kai dai."
Ta dakata kaɗan, ta goge mata baki,
ta koma: cokali, nono, cokali.
Rufin makarantarmu ya wuce ta dama,
akuya biyu a kansa suna kallonmu.

Wajen asalatu hannunta ya sage, na karɓe ta,
na ɗora yarinyar a cinya, filafili a hammata.
Sai na ji ɗumi yana bin ƙafata.
Fitsari!
Wallahi ban taɓa murna da jiƙewa ba sai ranar,
ni da na tsufa a cikin ruwa.
Shiuli ta yi dariya har kwalekwale ya karkata.

A asibiti malama ta duba ido, ta duba harshe,
ta ce, "Wa ya ba ta ruwa a hanya?"
Na nuna da haɓa.
Ta ba mu ƙullin gishiri da sukari na takarda,
da ƙwayar zinki ta kwana goma,
ta ce ko ciki ya tsaya kada mu tsaya,
a ba ta kunun shinkafa, a ba ta ayaba.

Da kogi ya janye na ɗaga famfo bisa tudu,
na mai da masai can bayan gora,
na rataye sabulu da igiya a bakin ƙofa.
Wanda bai wanke hannu ba, ba ya taɓa kwano.

Jiya na shigo ban yi sallama ba.
Uwata na zaune, Moyna a cinyarta,
tana ba ta cokali bayan cokali,
hannunta na rawa,
tana cewa a hankali, "Sha, Liton. Sha."