Ɗigo a Gaban Suna

Mutari ya bar aiki ran Laraba,
ya hau motar Yamai, ko sallama bai yi mini ba.
Maigida ya ce: kwashe komatsansa daga na'ura,
an kawo wani yaro daga Miriya, wuri muke so.

To.
Shagon namu yana bayan Kasuwar Dole,
tsakanin mai ɗinkin takalma da mai sayar da ƙanƙara.
Na jira har kuran ya dawo bayan la'asar,
na buɗe baƙin allo.
Ɗan tsinken haske yana ƙifta mini ido,
kamar ya san da wace zuciya na zauna.

Haruffa biyu, rm, sai 'yar alama, sai tauraro.
Tauraro dai tsintsiya ce, kowa nata ne:
takardun neman aiki, hotunan fasfo,
lissafin bashin masu buga katin suna,
duk suka bi iska, ba ƙara, ba toka.
Na tambayi ɗakin, me ya saura?
Ya yi shiru. Na ce madalla.

Amma da na ɗora shi a ma'auni, da sauran nauyi.
Jarkar da aka ce ba ruwa,
ka ɗaga, ka ji tana motsi a gindi;
duk wanda ya yi layin famfo a Damagaram ya san wannan.

Sai na tuna Mushe Nafi'u a lakwal, da allinsa:
sunan da ya fara da ɗigo, tsintsiya ba ta ganinsa.
Sai ka ce a nuna maka duka.
Na rubuta ls -a.

Ga su nan, jere a bayan ƙofa,
kowa da ɗigonsa a goshi,
kamar ƙadangaru a tsagar duwatsun Birni
da suka ji wucewar ƙafa suka lafe.

Ɗaya daga ciki tarihi ne,
duk abin da yatsunsa suka taɓa umarta.
Ban yi niyyar karantawa ba. Na karanta.
Ga kurensa, ga gyaran kuren,
ga inda ya manta harafi ya sake har sau uku.
Sannan wani layi da ke ta dawowa
kamar kiran assalatu:
kwafi ɗakin Gwamma, ajiye a wancan faifai.

Gwamma ni ce.
Ashe ranar da aikin tela Ɗanjimma ya ɓace a hannuna
na wayi gari na tarar da shi daram,
na ce ikon Allah,
ikon Allah ne, ta yatsun mutumin
da na yi wata huɗu ban gaishe shi ba
saboda rigimar jaka biyu.

Mai ƙanƙara ya leƙo, ya ce lafiya?
Na ce zafi ne.

Aiki dai aiki ne, sai an share.
Amma a saman jerin akwai biyu da ba a taɓawa:
ɗigo ɗaya, shi ne nan inda kake tsaye;
ɗigo biyu, gidan da ya haifi ɗakin.
Mushe ya ce a tsofaffin na'urori
wanda ya haɗa ɗigo da tauraro cikin gaggawa
wuta takan haura katanga,
ta cinye har ɗakin maƙwabci.
Ɗakin maƙwabcin nan nawa ne.

Don haka ban saki tsintsiya ba.
Na kira su da sunansu, ɗaya bayan ɗaya,
na duba, na sake dubawa, na danna.
Tarihin na bar shi ƙarshe.
Na juye shi a kilen da ke rataye da makullina,
sannan shi ma.

Yanzu ɗakin wayam, ma'auni ya yarda.
Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, sai tsinken haske.
Lambarsa tana nan a wayata,
ban san ko ya canza ba.
Kuran ya sake ɗaukewa kafin magariba.