Rariyar Gadarif

Azahar ta gota, fanka na nishi,
ƙamshin riɗi ya biyo taga
har ɗakin da uwar garke ke huci.
Alhaji Mahjub ya banko ƙofa, jallabiya na kaɗawa:
"Ina wasiƙar Siddiƙ na Jidda?
Motoci biyar na tsaye a bakin sito!"

Na tono ta a kwandon tarkace,
kwananta uku a kwance
tsakanin mai tallar maganin sanƙo
da wani da ya rantse na ci gadon miliyan.
Rariya ta matse, ta haɗa tsaba da tsakuwa.

"To yage ta," in ji shi.
"Duk abin da ya zo da sunan Siddiƙ, buɗe masa."

Na ce, Alhaji, suna riga ne,
kowa na iya ara ya saka.
Buhu nawa aka rubuta wa lamba ɗaya,
ka soka ƙarfe, yashi ya zubo?

Ban rubuta suna ba.
Na bi sawun saƙon har gidan da ya fito,
na duba hatimin da ke bayansa,
wanda ido ba ya gani, sai na'ura.
Adireshi guda, ba garin duka ba.
Layi ɗaya na ƙara a jerin amintattu:
in hatimi ya dace, ya shigo,
ko ya shigo, a laluba kayansa.
Na sa kwanan wata a gefe, da dalili,
saboda wanda zai gaji kujerar nan.

Ya fita yana gunaguni.

Ran Talata wuta ta ɗauke, janareta ya karɓa,
sai ga wata.
Siddiƙ, ko harafi bai kauce ba,
gaisuwa irin tasa, har da tambayar yara,
wai wakilinsa na Bur Sudan ya sauya,
a tura kuɗin jirgi sabon asusu kafin magariba.

Babu hatimi.
Rariya ta riƙe ta a wuya.

Na buga ta a takarda na kai masa.
Ya karanta sau biyu, ya gyara rawani,
ya kira Jidda,
ya daɗe yana saurare.

Bai ce mini komai ba.
Da la'asar dai yaro ya shigo da tire:
shayi da na'ana'a,
kofi biyu.