Turmi Na Huɗu

Sau arba'in da ɗaya ke nan
ina kaɗa wa majigin nan fiyano
a silimar bakin kogi, nan Porto,
inda ƙarnin kifi ke raka mutane har kujera.
Fitila ta mutu, na'ura ta soma tari,
haske ya ratsa hayaƙin taba kamar sanda.

Ga ka nan, Custódio, fari da baƙi,
ƙato, ka cika allo.
An ɗinke taswirar tashar jiragen ruwa
cikin safar hannunka ta hagu,
duk naushin da ka kai, da sirrin ƙasa ka kai shi.
Mai gashin baki a layi na biyu yana murza agogo.
Matar nan mai hular gashin jimina
ta kife mafici a gwiwa, alama ke nan:
ka faɗi a turmi na huɗu.

Ni ce ƙararrawa, ni ce ihun taro.
In haƙarƙarinka ya sha duka, yatsuna ke kuka.
Alƙali yana ƙirga da baki, ba sauti,
ni nake ba shi ɗaya, biyu, har takwas,
ka tashi.
Kullum kana tashi, kullum gabana sai ya faɗi.

Sai ɗakin ƙasa. Sun ɗaure ka a kujera,
rubutu ya fito a allo:
"Ba zan sayar da ƙasata ba!"
Masu dako suka yi tafi, wani ya jefa hula sama.
Ni da na san leɓenka tun muna wasan ƙasa
na karanta abin da ka ce:
"Ermelinda, yunwa nake ji."
Sau uku ka cije a sunana,
ba wanda ya ji.
Nan kaɗai i'inarka ta bar ka ka zama namiji,
ba yaran unguwa masu kwaikwayonka a baya.

Shekara biyu ke nan da jirgi ya tafi da kai Santos,
takarda ɗaya, ita ma rabi.

Jiya Senhor Abílio ya shafa murfin fiyanon,
ya ce baɗi majigi zai yi magana da kansa,
za a sa lasifika a inda nake zama.
Na ce to.
Na dubi allo, kana share jini da bayan safa,
bakinka a buɗe,
na danna maka waƙar da ba ta cikin takarda.