Minti Goma a Mako

Basara, watan Yuli, kwalta na narkewa.
Jabbar ya kawo tasinsa, riga sharkaf:
esi ta mutu, fasinjoji sun guje shi.

Sattar ya ɗaga bonet, ya kasa kunne,
yana jiran ƙas ɗin nan,
sa'ad da maganaɗisu ke cafke kuloci
fambel ya ja kwamfaresa.
Shiru.

"Ba ta haifar sanyi," in ji shi, "matsa take.
Ta matse gas har ya yi zafin bakin tanda,
ya huce gaban lagireto, ya zama ruwa,
ya kutsa ta kafar allura.
Da ya fita ya saki jiki,
nan sanyin yake."

Ya shafa sabulu a gaɓar bututu.
Kumfa ta kumbura, ta fashe, wata ta biyo.

"Da hunturu ka kunna ta?"
"Wa ke neman sanyi a Janairu?"
"Mai cikin gas yake tafiya.
Ka bar ta wata huɗu, roba ta bushe.
Minti goma a mako take roƙo."

Jabbar ya ƙirga dinarinsa sau biyu,
ya nufi mai shayi.