Ƙafar Hagun Ɗayyabu

Ku tambaye ni, ni ne na tsare raga,
shekara sha huɗu tsakanin sanduna biyu a Sabon Gari,
safar hannuna ɗinkin wani tela ce a Muciya.
Kafin Ɗayyabu ya shigo fili
ban taɓa jin cikina ya ɗuri ruwa ba.

Yaron Tudun Jukun, siriri kamar tsinken tsire,
da tamaular tsumma ya koya, gefen layin dogo.
Ƙafarsa ta dama ta zuwa masallaci ce kawai.
Ta hagun kuwa, tun daga Samaru har Ƙofar Gayan
ba a haifi ƙanwarta ba.

Sau goma sha tara ya ci ni. Na ƙirga.
Uwargida takan ce sha takwas don ta rage mini zafi,
ni kuwa ban taɓa ɓatan lissafi ba.

Ranar kofin lardi, tsakiyar damina,
Kubanni ta cika ta batse, fili ya koma fadama,
ɗaya da ɗaya, saura minti uku.
Ya tsaya can nesa, daura da mai rake,
na ce a raina, daga nan sai dai tsuntsu.
Tamaular ta tashi kamar mai zuwa Kufena,
ta yi shawara a sama, ta sauya ra'ayi.
Na bi dama, ta bi hagu.
Har yau ban gama wannan faɗuwar ba.

Daga nan Kaduna ta kira, Ikko ta ƙwace,
aka sa masa koriyar riga mai lamba sha ɗaya,
jirgi ya kai shi ƙasar da ake wasa cikin ƙanƙara.
Mu muna teburin mai shayi, mun kewaye rediyo,
mai sharhi na karya sunansa gida uku,
shayi na hucewa a hannunmu.
In ya ci, sai in bugi ƙirji in ce wa jama'a:
wannan da kuke ji yana kunyata ƙattin duniya,
da ni ya fara.
Ba ƙaramar daraja ba ce, ko ba ku yarda ba.

Ɗari da talatin da bakwai, in ji masu lissafi.
Sai gwiwa ta ce ya isa.
Ya dawo da ɗingishi da kofuna uku,
ɗaya ma jikarsa ke tara maɓallai a ciki.
Ya sayi fili bayan Gyallesu,
dangi suka ce shaguna, abokai suka ce gidan mai,
ya kafa sanduna huɗu ya rataya raga,
bai ce da kowa uffan ba.

Yanzu bayan la'asar yana kan benci
da famfo tsakanin gwiwoyi, yana hura wa yara ƙwallo.
Baba mai iska suke ce masa.
Amma ku lura da ƙafafunsu:
har na-daman cikinsu da hagu suke gwada sa'a,
ba su san daga wa suka gada ba.

Makon jiya ya hango ni ina wucewa da keke.
Isiyaku, ya ce, zo ka tsaya mini sau ɗaya.
Na jingine keken, na naɗe ƙafar wando,
tsofaffi biyu, yara na ta ƙyaƙyata.
Ya ja baya taku uku, yana cije leɓe,
ya buga.
Ta taho tana rarrafe kamar kunkuru,
ko jaririn goye zai tare ta.
Ta bi hagu.
Na dube shi, na dubi gwiwar,
na zube dama.

Ashirin! ya ce, yana dariya har da hawaye.
Sannan a hankali: ka dai bar ta ne.
Na karkaɗe ƙasa daga gemuna, na ce,
wane ni, Ɗayyabu, ban gan ta ba.